Zaɓen Ƙananan Hukumomi: Ina Shaidu?

  

Ya 'yan'uwa, a wannan wata muna so mu taɓo wata magana wadda yawancinmu muke ɗauka ba tamu ba ce, ta 'yan siyasa ce da 'yan boko, alhali kuwa idan aka bi sawunta a hankali za a tarar a ƙofar masallacinmu take kwana. Maganar ita ce zaɓen ƙananan hukumomi da masu sa ido a kansa. Bari mu fara da lissafi, domin shi ba ya jin nauyin kowa.

A ranar Asabar, 26 ga Oktoba, 2024, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano. Hukumar zaɓe ta jiha, wato KANSIEC, ta shelanta cewa jam'iyyar NNPP, wadda gwamna yake cikinta a lokacin, ta cinye kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484, ba ta rage wa kowa ko ɗaya ba. Duk wanda wannan ya ba shi mamaki, to baƙo ne a Kano. A Janairun 2021, lokacin da APC take riƙe da gidan gwamnati, ita ma 44 da 484 ta samu. A Fabrairun 2018 haka aka yi. A Mayun 2014, zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, jam'iyyar gwamna ce ta kwashe shugabannin nan 44 gaba ɗaya. Gwamnoni uku ke nan, zaɓe huɗu, amma sakamako bai canza kama ba.

Yanzu a ajiye wannan a gefe, a ɗauko wani lissafin. A zaɓen gwamna na 2019 an bayyana cewa Abdullahi Umar Ganduje ya sami ƙuri'a 1,033,695, Abba Kabir Yusuf kuma 1,024,713. A na 2023 Abba ya sami 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna ya sami 890,705. To jihar da mutanenta suka rabu kusan gida biyu irin wannan rabuwa, ta yaya za a wayi gari a ce a cikin mazaɓu 484, tun daga Doguwa har Dambatta, babu mazaɓa ɗaya tak da mutanenta suka ga damar su zaɓi wani dabam? Ko 'ya'yan mutum ɗaya ba sa haɗa baki a kan miyar dare irin wannan haɗin baki. A Abuja, inda hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, take gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida na birnin tarayya, a Fabrairun 2022 PDP ta ci uku, APC ta ci uku. Ashe dai abin ba daga halittar zaɓen yake ba.

Adalci ya wajabta mana mu faɗi cewa APC ba ta shiga zaɓen 2024 ba, kuma wanda bai shiga kokawa ba ba ya cewa an kayar da shi da zamba. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce shugabannin KANSIEC ba su cancanci riƙe muƙaminsu ba saboda alaƙarsu da jam'iyya mai mulki, babbar kotun jiha kuma ta ce a ci gaba da zaɓe, 'yan sanda suka ce su umurnin kotun tarayya za su bi, daga baya a 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayyar ba ta da hurumi a maganar. Mu ba alƙalai ba ne, ba kuma mu ɗauki alƙalami don mu wanke wata jam'iyya ko mu shafa wa wata baƙin fenti ba, tunda wadda take kuka yau ita ce ta sa wasu kuka jiya. Abin da ya dame mu shi ne, a duk wannan taƙaddama akwai mai ƙara, akwai wanda ake ƙara, akwai lauyoyi, amma mutumin da zai miƙe ya ce ni ina rumfa kaza a gari kaza tun hantsi har la'asar, ga abin da idona ya gani, kuma ba ni da rabo a cikin kujerar, shi ne ya yi ƙaranci ƙwarai.

Mutumin birni yana iya cewa ina ruwansa da ciyaman, tunda shi yana da asibitin Murtala da na Nassarawa kusa, yana da gidajen rediyon da zai kai kuka. Amma a je ƙasar Dambatta da Makoɗa, da Bichi da Tsanyawa, da Bagwai da Dawakin Tofa da Minjibir, inda gona take dafe da gona, babu saura babu daji, gida na hango gida, gado ya yi ta raba ƙasa har wata gonar ta koma kamar shimfiɗar tabarma. Can ƙasa ba ta hutawa, kowace damina sai an nome ta, saboda haka sai da taki, na gida wanda ake kaiwa a mangala ko a amalanke tun da rani, da na zamani wanda ake jira daga hukuma. Mutumin nan ba ya ganin shugaban ƙasa sai a jikin fosta, gwamna kuwa sai jiniyarsa. Hukumar da ya sani ita ce sakatariya. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwa da tasha da maƙabarta da ƙananan hanyoyi, ya kuma ba ta hannu a makarantar firamare da ƙaramin asibiti da harkar noma. Wato kwalbatin da ruwa ya cinye har mai naƙuda ta kasa fita, da ajin da rufinsa ya yaye, da famfon tuƙa-tuƙa da ya shekara a mace, da burtalin da aka cinye har manomi da makiyayi suka ɗauki sanda, duk a teburin ciyaman da kansila suke. Idan waɗannan mutane biyu sun san cewa ba ƙuri'ar ƙauye ce ta kawo su ba, sunansu aka rubuta a birni, to wa za su ji tsoro, kuma ƙofar wa za su riƙa sammako?

Abin ya ƙara nauyi tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya naɗa kantoma a maimakon zaɓaɓɓe ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma shi ne ya sa jihohi da yawa suka ruga suka yi zaɓe a wannan shekara. Da farko KANSIEC ta sa kuɗin takardar takara Naira miliyan 10 ga ciyaman, miliyan 5 ga kansila. Malamin firamare ko manomin wake da mutanen garinsu suka yarda da amanarsa, ina zai ga wannan kuɗi in ba wani ya biya masa ba? Wanda ya biya kuwa shi ne mai kujerar.

Aikin sa ido a kan zaɓe ba yau ya fara a ƙasar nan ba, kuma ba za mu ɓoye ba, ba mu ne muka fara shi ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ne, irin su CLO da aka kafa a Legas a 1987, waɗanda suka sha ɗauri da kora a zamanin Babangida da Abacha. A 1998, bayan Janar Abdulsalami Abubakar ya fito da jadawalin miƙa mulki, irin waɗannan ƙungiyoyi suka haɗa wata gamayya mai suna TMG, Clement Nwankwo yana cikin jagororinta na farko, kuma zaɓen da ta fara sa wa ido shi ne na ƙananan hukumomi na ranar 5 ga Disamba, 1998. A lura, da zaɓen ciyaman da kansila aka buɗe wannan aiki. Amma da tafiya ta yi nisa sai hankali ya koma kan zaɓen shugaban ƙasa da na gwamnoni, inda kuɗin masu ba da tallafi yake, inda kuma 'yan jaridar duniya suke taruwa. Zaɓen da ya fi kusa da talaka sai ya zama maraya. Ƙungiyoyin gaskiya da suke leƙa shi mutanensu kaɗan ne, yawanci kuma a birni suke tsayawa, alhali rumfunan zaɓe a Kano sun haura 11,000. Gurbin da suka bari sai waɗansu ƙungiyoyin bogi suka cike shi, waɗanda ba a jin ɗuriyarsu sai ranar zaɓe, su sa riga mai tambari, su tara manema labarai a otal da yamma su ce komai ya tafi lami lafiya. Wannan a shari'a sunansa shaidar zur, ko da kuwa da Turanci aka karanta ta.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin sun sha faɗa mana a majalisi. Na farko, ai dimokuraɗiyya ba tsarinmu ba ce. Na biyu, ai waɗannan ƙungiyoyi da kuɗin Turai da Amurka suke aiki, kuma su ne suka yi ta sukar haddi lokacin da aka dawo da shari'a a jihohinmu daga shekarar 2000. Ba mu musanta ko ɗaya ba. Muna da saɓani na gaske da wasunsu, kuma ba mu janye shi ba. Amma wanda ya ga ana tauye mudu a kasuwa ba sai ya halatta duk abin da ake sayarwa a kasuwar ba kafin ya buɗe baki. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi ta kiran Musulmi, maza da mata, su yanki katin zaɓe, ya kuma sha suka a kan haka. To me ya rage na amfanin kati idan an bar akwati babu mai tsaro?

Game da haɗa kai da wanda ba mu yarda da shi a komai ba kuwa, littattafan sira sun ishe mu. Kafin aiko Annabi (S.A.W.), wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo haja Makka, Al-Asi ɗan Wa'ilu ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Sai waɗansu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fuduli. Manzon Allah ya halarce shi yana saurayi, kuma bayan annabci ya yabe shi, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa ga irinsa a Musulunci zai amsa. Waɗanda suka ƙulla wannan alkawari masu bautar gumaka ne. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mu bari ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci, aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuma ta wajabta tsayar da ita ko da a kan kanmu ne ko iyayenmu. Sayyidina Umar (R.A.), da mutanen Kufa suka kawo ƙarar gwamnansu Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, bai ce ai wannan yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna ba, a rufe magana. Aikawa ya yi aka bi masallatan Kufa ɗaya bayan ɗaya ana tambayar jama'a. Idan an binciki Sa'adu, wane ne ciyaman? Kuma 'yan'uwanmu mata sun riga mu: a zaɓen 2011 ƙungiyar FOMWAN ta haɗa hannu da TMG da ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa da hukumar adalci da zaman lafiya ta cocin Katolika, suka baza dubban masu sa ido a rumfuna, kowa yana aiko da abin da ya gani ta saƙon waya. Ba mu ji an ce addininsu ya ragu ba.

Sai dai shaida tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne muke so a tsaya a natsu. Abin da ya faru a 2018 darasi ne babba. Bayan zaɓen ranar 10 ga Fabrairu, hotuna da bidiyo suka cika wayoyin mutane, ana nuna yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a, ƙasa ta ɗauka, Kano ta sha zagi daga kowace kusurwa. INEC ta kafa kwamiti ƙarƙashin kwamishinanta Abubakar Nahuche. Da rahoto ya fito, shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya ce sun ba KANSIEC rajistar masu zaɓe, amma a mafi yawan rumfuna ba a yi amfani da ita wajen tantance masu jefa ƙuri'a ba, kuma ba a iya tabbatar da cewa yawancin hotunan daga wannan zaɓe suka fito ba. A dubi wannan da kyau. Magana ta farko ta fi ta yaran muni, domin zaɓen da ba a duba rajista ba kowa ma yana iya dangwalawa, sau nawa ya ga dama, amma ta wuce ba a yi hayaniya a kanta ba. Ta biyun kuma ta nuna raunin hoton da ba shi da mai shi. Wa ya ɗauka? A wace rumfa? Da ƙarfe nawa? Babu amsa. Mu da muka tashi a kan ilimin hadisi mun fi kowa sanin hukuncin labarin da ba shi da isnadi, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Dubun bidiyo marasa asali ba su kai takarda ɗaya ba wadda adali sananne ya rubuta, da sunan rumfa da lokaci, ya sa hannu, kuma yana shirye ya maimaita a gaban alƙali.

Aikin kansa ba gagara-badau ba ne. Mai sa ido yana karɓar izini daga hukumar zaɓe ta hannun ƙungiyar da aka tantance, ya isa rumfa kafin ma'aikata, ya rubuta lokacin da kaya suka iso, in sun iso. Ya duba ko an zo da rajista, ko an zo da takardar rubuta sakamako ta asali, domin tsohuwar dabara ce a kawo akwati da ƙuri'u a bar wannan takarda a wani wuri. Ya ƙirga mutanen da suka jefa ƙuri'a, ya tsaya a ƙirga a gabansa, ya kwafe adadi. Ba ya taɓa akwati, ba ya gardama da kowa, ba ya gaya wa kowa wanda zai zaɓa. Sa'an nan, kuma wannan shi ne inda aka fi sakaci, wani ya bi sakamakon zuwa wurin tattarawa na mazaɓa, wani ya bi shi zuwa sakatariya, domin sau da yawa ba a rumfa ake yanka ba, a hanya ne mutum 70 suke komawa 700. Zaɓen 2024 ya faɗo a tsakiyar kaka, mutane suna gona wajen roron wake da cirar gyaɗa. Rumfa nawa ce ta cika a ƙauyukanmu a ranar? Da akwai wanda ya zauna ya ƙirga, da yau ba zato muke yi ba.

Ba muna cewa rahoton masu sa ido zai hana 44 ta sake zama 44 ba. Shekaru sama da 25 ana rubuta rahotanni, ɓarna ba ta ƙare ba. Amma an ba shaida umurni ya faɗi abin da ya gani ne, ba a ɗora masa hukunci ba. Kuma ma'aikacin wucin gadi da aka miƙa wa takarda aka ce sa hannu, wanda sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne mai tsoron a taɓa albashinsa ko a jefa shi wani lungu, hannunsa zai yi nauyi idan ya ga malamin Islamiyyar garinsu yana tsaye da littafi da biro. Shi ma taimakonsa aka yi. Ya tuna hadisin da Manzon Allah (S.A.W.) yake lissafa manyan zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa.

Yanzu sai mu juyo kanmu, don kada mu zama masu wa'azin da ba ya shiga gida. Abin da ƙungiyoyin birni suka rasa mu muna da shi: babu mazaɓar da ba mu da masallaci ko makaranta a cikinta, muna da matasa masu karatu da rubutu, muna da 'yan agaji da suka saba da horo da tsayuwar rana. Abin da muke tsoro shi ne ko muna da sharaɗin farko na shaida, wato kada ya kasance yana da rabo a cikin abin da yake shaida a kai. Sau nawa aka rantsar da ciyaman da kowa ya san yadda ya zo, washegari tawagar malamai ta tafi yi masa murna da addu'a, a dawo da ambulan? Sau nawa kujerar Makka ko buhunan shinkafar azumi ko kwanon rufin masallaci suka sa mumbari ya yi shiru? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin alamomin mulkin zalunci. Yau gaisuwar ta juya, daga masu mulki take zuwa gidan malamai, kuma aikinta bai canza ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Saboda haka muna kira ga rassanmu na ƙananan hukumomin arewacin Kano, tun zaɓe na gaba bai ƙarato ba, kowane reshe ya zauna ya fitar da mutum biyu ko uku a kowace mazaɓa, waɗanda aka san su da gaskiya da haƙuri, ba su da katin jam'iyya, ba su da ɗan'uwa na jini a cikin 'yan takara, ba sa kuma neman kwangila ko aiki a sakatariya. A nemi ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da suka daɗe a wannan fage, masu tarihin da za a iya bincikawa, su koya musu aikin, a shiga ƙarƙashin izininsu in ya samu, a kuma gaya musu tun farko inda muka haɗu da inda muka rabu. A sa 'yan'uwa mata a ciki, domin layin mata yana da nasa labarin da namiji ba zai gani ba. Kuɗin mota da na abincin ranar su fito daga aljihun reshe, kada a karɓi ko ruwan leda daga wakilin jam'iyya. Rigar agaji kuma a bar ta a gida ranar, kada wani ya mayar da ita shaidar cewa mun albarkaci abin da ba mu gani ba. Wanda aka hana shi shiga, ko aka yi masa barazana, kada ya tsaya jayayya, ya rubuta lokaci da wuri ya koma gida, wannan ma rahoto ne.

Mu kuma a namu ɓangare, shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga abin da aka rubuto, rumfa bayan rumfa, da adadi. Inda aka yi zaɓe na gaskiya za mu faɗa, ko da wanda ya ci ba ya ga maciji da mu. Inda ba a yi ba za mu faɗa, ko da wanda aka ba kujerar shi ne ya yi mana dabe a masallaci, ko yana sahun farko a bayan limaminmu. Reshen da ya ga ba zai iya ɗaukar wannan sharaɗi na ƙarshe ba, ya sanar da mu tun yanzu, kada ya tura kowa.